Muryar Injiniya: yadda ake mayar da tsohon sito na bakin kogi otal

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam, na ji tambayarka kan tsofaffin sito-siton kankare na bakin kogi da Turawa ke mayarwa otal, ko ginin da ya haura shekara ɗari zai iya ɗaukar nauyin.

To, nauyi ba shi ne abin tsoro ba. Ɗakin kwana ana lissafa masa wajen kilo 200 a kowace murabba'in mita, sito kuwa a ƙa'idar yanzu daga kilo 750 yake farawa. Dubi na Newcastle a Ingila, bakin kogin Tyne, wanda aka gina wajen 1900 da tsarin Hennebique na ginin kankare mai rodi a ciki, yau otal ɗin Malmaison ne. Haka na Dresden a Jamus, bakin kogin Elbe, ginin 1913 zuwa 1914, ya koma otal a 2006.

Ciwon yana jikin rodi. Magina na wancan zamanin ba su lulluɓe rodi da kankare mai kauri ba, wani wurin bai kai santimita 2 ba, alhali yau a waje mai laima 4 zuwa 5 ake so. Iskar kabon tana ratsa kankaren a hankali ta kashe sinadarin da ke kare ƙarfe, ga danshin kogi kullum. Rodi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura, sai ka ga ɓawon kankare ya ɓanɓaro daga ƙarƙashin bim (gungumen kankaren da ke kwance kan ginshiƙai), rodin a waje ja wur.

Don haka kafin a zana ɗaki ko ɗaya, a bi ginin da guduma, inda ya yi ƙarar holoƙo a sa alama. A huda a ciro kankare mai faɗin santimita 10 a kai gwaji. A fesa ruwan fenolftalin, wani sinadarin gwaji mai canza launi, a wurin da aka fasa kankaren sabo: inda ya koma ruwan hoda da sauran lafiya, inda bai canza ba kariya ta tafi. A auna gishiri ma. Kuma rodinsu sumul yake, ba shi da gurzan nan na rodin yanzu, saboda haka kada a ɗora masa lissafin zamani.

Wajen gyara ake yawan kuskure, wallahi abin na damuna. A shafe gurbin da siminti a tafi, bayan 'yan shekaru tsatsa ta ɓullo daga gefen facin. Sai an fasa har bayan rodin, yatsa ya iya zagayawa, a kankare shi tas, a ɗaura masa ƙananan dunƙulen zinki su riƙa cinyewa a madadinsa, sannan a cike.

Sai haske. Sito na da zurfi, buhu bai damu da taga ba, amma baƙo ya damu. A Dresden tsakiyar ginin aka buɗe aka yi fili, ɗakuna suka kewaye shi. Kafin a yanke daɓen kankaren bene haka sai an tokare, don shi ke riƙe ginshiƙai kada su lanƙwashe. Bututun banɗaki kuma a tara su layi ɗaya daga sama har ƙasa, a duba da na'ura kafin huda, kada a taɓa bim.

Janareto da allon rarraba wutar lantarki kada su zauna a ƙasa, saboda ambaliya. A Agustan 2002 Elbe ya kai mita 9.40 a Dresden. A hau da su bene.