Amsa: Me ya sa kayan tsohon keken Raleigh suka yi tsada a Kano?

Malam, ka tambayi dalilin tsadar kayan tsohon Raleigh, da ko za ka sayar da naka. 'Yan gwangwan sun auna da yawa a kilo an narke, na asali ya yi ƙaranci. Faɗuwar naira tun 2023 kuma ta ɗaga har na China.

Kada ka yi gaggawa. Goge cibiyar ƙafar baya da kananzir: in ƙirar kamfanin Sturmey-Archer ce, za ka ga wata da shekarar ƙira a jikinta, mai saye nan yake fara dubawa. Sirdin fata na Brooks, muddin bai tsage wajen ƙusoshi ba, sayar da shi daban. Kuma don Allah kada ka sake fenti, darajarsa yake karyawa.