Cokulan tsaraba sun yi baƙi: azurfa ce ko ruwan azurfa?

Tambaya: Duk ƙasar da na je nakan sayo ƙaramin cokalin ado mai ɗauke da sunan garin. Yanzu wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu kuwa ko gezau. Waɗanne ne na azurfa, kuma da me zan wanke su?

Amsa: Hajiya, kafin ki taɓa ruwa ko sabulu, juya cokalin ki duba bayan mariƙinsa. Nan maƙeran suke buga hatimi. In kin ga 925, azurfa ce ta gaske, wato kashi 925 cikin 1000. Na Ingila kan zo da hoton zaki yana tafiya, gefensa kuma alamar garin da aka tantance shi: kan damisa na Landan ne, anga ta jirgin ruwa ta Birmingham ce. Tsofaffin na Jamus, tun daga 1888, suna ɗauke da jinjirin wata da kambi, galibi tare da lambar 800. Amma in EPNS aka rubuta, ko 90 kawai, to ruwan azurfa aka yi masa, cikinsa wani ƙarfe ne daban. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a filin jirgi ko ƙofar gidan tarihi ba su ma kai nan ba, shi ya sa ba sa canza launi.

Baƙin da ya dame ki ba tsatsa ba ce. Farar wuta da ke yawo a iska ce take haɗuwa da azurfa ta rufe fuskarta, kuma ruwan azurfa ma yana yin haka, don haka baƙi kaɗai ba shaida ba ce. Ɗaure su da roba ko naɗe su a ulu yana ƙara saurin abin.

Wajen wankin ne ake yin ɓarna. Toka, yashi da soson ƙarfe ki bar wa tukunya. A goga ɗaya za su kankare ruwan azurfar, ƙarfen ciki ya leƙo, ba kuma gyara sai an sake yi masa ruwan azurfa a wurin masu sana'ar. Ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, sai tsumma mai laushi, ki tsane shi nan take. In baƙin ya ƙi, ki shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, ki zuba ruwan zafi da cokali guda na bekin soda, ki kwantar da shi a kai na 'yan mintuna. Sai dai kada ki tsoma masu adon launi mai kama da gilashi, ko waɗanda aka manna wa tambari da gam, za su ɓamɓare.

Ni dai ban so a goge tsohon cokali fes. Duhun da ya kwanta a lungunan zanen shi ke fito da hasumiya ko tutar da aka sassaƙa, kuma masu tara irin waɗannan kaya, sana'ar da ta bunƙasa a Amurka tun baje kolin Chicago na 1893, sun fi son sa haka. Ki ajiye su a akwatin gilashi mai rufi, nesa da kicin da danshin damina.