Da gaske ne manoman Sunda ba sa sayar da shinkafa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne a Kura. A Hajjin da na yi na zauna da wani dattijo ɗan Indonesiya, muka riƙa haɗa hira da ɗan Larabcin da muke ji. Ya ce shi ɗan ƙabilar Sunda ne, ya nuna mini hotunan ƙauyensu a waya: gonaki hawa-hawa a jikin dutse, kowace ba ta fi tsakar gida ba. Da na dawo sai ɗana ya nuna mini bidiyon da ke cewa mutanen nan ba sa sayar da shinkafa kuma ba sa son lantarki. Haka ne? Kuma yaya magidanci ke riƙe iyali da 'yan fangulan nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa karɓaɓɓiya ce. Bidiyon bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauki al'adar ƙauyuka 'yan ƙalilan ya yi wa mutum wajen miliyan 40 kuɗin goro. Zan zo kan waɗannan ƙauyukan, amma tambayarka ta biyu ta fi nauyi, don haka da ita zan fara.

Sundawa suna yammacin tsibirin Jawa ne, a lardunan Jawa ta Yamma da Banten, babban birninsu kuwa Bandung. Ƙidayar 2020 ta sami mutum sama da miliyan 48 a Jawa ta Yamma kaɗai, alhali faɗin lardin bai kai rabin Jihar Neja ba. Shi ya sa ba ka cika jin manomi yana maganar hekta ba. Ma'auninsu shi ne bata, wato wajen murabba'in mita 14, sai ka tara kusan 700 kafin ka haɗa hekta ɗaya. Mai bata 100 ba abin raini ba ne a ƙauye, domin da yawa ko taku ɗaya ba su mallaka ba.

Abin da suka fi mu shi ne ruwa. Dubi taswirarsu, sunaye da yawa da "Ci" suke farawa: Cianjur, Ciamis, Citarum, Ciwulan. Daga cai ne, wato ruwa a harshensu. Garin Bogor yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, Kano kuwa a galibin shekaru ba ta kai 1,000 ba. Damina tana kamawa wajen Oktoba har Afrilu. Ga kuma duwatsu masu aman wuta, irin su Galunggung da ya yi ta'adi a 1982. Tokar da ke binne gonaki bana ita ce takin jikoki.

In kana son fahimtar ƙauyen Sunda, bi ruwan daga sama zuwa ƙasa. Yana ɓuɓɓugowa daga dajin kan tudu, a tare shi da tsagaggiyar gora a kawo shi bakin gari, inda yake zuba dare da rana ba famfo ba makulli. Nan ake wanka da alwala da wanke-wanke. Abin da ya zuba sai ya faɗa tafkin kifi da suke kira balong, kusan kowane gida mai ɗan hali yana da nasa. Ragowar shinkafa, dusa, ganyen gwaza, duk kifi ke cinyewa. A tsohon tsari har makewayi a kan tafkin ake ɗora shi, abin da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna yaƙi da shi, kuma suna da gaskiya. Daga tafkin ruwan ya gangara fangali na farko, ya cika shi, ya tsiyaya ta 'yar kafa a jikin kunya zuwa na ƙasa da shi, haka har ya kai kogi. Ruwan da ke gonarka yau da safe jiya yana gonar maƙwabcinka. In na sama ya toshe, na ƙasa ya shiga uku. Don haka ƙauye ke da mai rabon ruwa, ulu-ulu, wanda da rani ba ya samun barcin kirki saboda masu zuwa buɗe kafa cikin dare. Kai da ke noma a bakin kanal ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Yanzu mu yi lissafi. A Jawa ta Yamma hekta takan ba da tan 5 zuwa 6 na shanshera. Mai bata 100 ke nan zai tashi da kilo 700 zuwa 840 a girbi guda, kuma yakan yi girbi biyu a shekara, inda ruwa ya wadata har uku. Wannan ya samu ne tun da gwamnatin shugaban ƙasa Suharto ta tura irin zamani mai kwana 110 zuwa 120 tare da taki da magani daga ƙarshen shekarun 1960, har ƙasar ta ciyar da kanta da shinkafa a 1984. Irin da ake kira Ciherang, wanda aka fitar a 2000, ya daɗe yana mamaye gonakinsu. To amma cire kuɗin taki, da hayar ƙaramar tarakta ta hannu wadda ta kori ɓaunar noma daga yawancin wurare, da rabon masu girbi, da abin da ɓera da ƙwari suka ci. Abin da ya saura zai cika tukunya, amma ba zai biya kuɗin makaranta da asibiti da biki ba.

Wanda ba shi da gona yana da ƙofa biyu. Ko ya karɓi ta wani a kan maro, a raba amfani biyu, ko ya shiga girbi a biya shi da shinkafar kanta, ɗaya cikin biyar ko shida ko ƙasa da haka, ya danganta da al'adar wurin. A wasu ƙauyukan sai wadda ta yi dashe da cire ciyawa ba a biya ta ba ce ke da haƙƙin girbe wannan fangalin. Na ce "wadda" saboda dashe aikin mata ne. Za ka gan su a jere cikin taɓo har ƙwauri, sun duƙa, suna dasawa suna ja da baya. Maza ke yin huɗa da gyaran kunya da ɗaukar kaya.

Sauran abincin gida daga kewayen ɗaki yake fitowa, kuma a ganina nan ne gwanintarsu take, ba a gonar shinkafa ba. Filin da mu za mu share mu bar shi fayau, su sai sun yi masa hawa huɗu. Can sama kwakwa da manyan itatuwa, ƙarƙashinsu mangwaro da gwaba da kanumfari, sai ayaba da gwanda da rogo, a ƙasa kuma citta da gangamau da barkono. Baƙo zai ɗauka daji ne aka ƙi gyarawa, alhali kowane tsiro da wanda ya dasa shi. Sundawa sun yi suna a duk Indonesiya wajen cin ɗanyen ganye, lalab, ana dangwala shi a dakakken barkono. Matar gida takan fita da kwando ta zagaya bayan ɗaki, kafin shinkafa ta nuna ta haɗa abin ci.

Dafa shinkafar ma abin kallo ne. A gargajiyance ba a tsane ta a tukunya kamar tamu. Turara ta ake yi a wani kwando mai tsini da aka saƙa da gora, a ɗora shi a bakin doguwar tukunyar tagulla, kamar dai madambaci. In ta nuna a juye a akushi, hannu ɗaya yana juyawa da ludayin katako, ɗayan yana fifita, har tururin ya fice ta yi danƙo-danƙo. Kifin da aka kamo a tafki kuwa a naɗe shi a ganyen ayaba da kayan ƙamshi a turara. Da tsakar rana a kai abincin 'yar bukkar da ke tsakiyar gona, a shimfiɗa ganyen ayaba kowa ya sa hannu.

Akwai wata bishiya dangin giginya da suke kira kawung. Mai ita yana hawa safe da yamma a kan gora guda ɗaya da aka yi wa 'yan ramuka daidai babban yatsan ƙafa, ya sauke gorar da ruwan bishiyar ya ɗiga a ciki cikin dare, ya rataya wata. Matarsa ta dafa ruwan awa da awanni har ya yi kauri, ta zuba a mazubi ya daskare. Kamanninsa da ɗanɗanonsa sun yi kusa da mazarƙwaila. Wannan ne kuɗin cefanen yau da kullum, domin shinkafa sai bayan wata huɗu take kawo kuɗi. Baƙin gashin da ke jikin bishiyar kuma da shi ake rufin ɗaki da tsintsiya da igiya.

Duk da haka, kada hotuna su ruɗe ka. Abin da ke riƙe da ƙauyen Sunda na yau rabinsa daga birni yake zuwa. Samari suna masana'antun Bekasi da Karawang da masaƙun Bandung, wasu suna acaɓa ko tallar abinci a Jakarta, sai da ƙaramar Sallah suke tururuwar dawowa. Mata da yawa daga Cianjur da Sukabumi sun yi shekaru suna aikatau a Saudiyya. Da kuɗinsu aka rushe gidajen gargajiya aka yi na bulo. Tsohon gida a kan duwatsu ake ɗora ginshiƙansa, ya ɗago daga ƙasa kamar kamu ɗaya, kaji su kwana a ƙarƙashi, bango kuma saƙar gora ce kamar asabari. Ana ganinsa gidan talaka ne. Amma girgizar ƙasar Cianjur ta 21 ga Nuwamba 2022, wadda ta kashe mutum sama da 300, ta fi yin ɓarna a gidajen bulon da aka gina ba ƙarfe isasshe. Na katako da gora yakan yi rangaji ya tsaya. Masu noman kuwa tsufa suke yi, gonakin bakin titi suna komawa filayen gidaje.

Mu koma kan bidiyon. Ƙauyuka daban-daban ya cakuɗa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi lantarki shi ne Kampung Naga, a yankin Tasikmalaya, cikin wani kwari a bakin kogin Ciwulan, sai ka sauka matakala sama da 400 kafin ka isa. Gine-gine ɗari da 'yan kai ne, duk iri ɗaya, sun jeru suna fuskantar kudu ko arewa, an shafe su da farar ƙasa. Ba a faɗaɗa garin. Wanda bai sami wuri ba sai ya fita ya zauna a waje, ya riƙa dawowa lokutan bukukuwa. Dalilin da suke bayarwa na ƙin wuta shi ne tsoron gobara a gidajen gora da rufin gashin bishiya, da gudun kada mai kuɗi ya fara fin maƙwabcinsa da kayan alatu. Gobara kam sun san ta: a 1956 'yan tawayen Darul Islam, ƙarƙashin jagoransu Kartosuwiryo, sun ƙone ƙauyen, tsofaffin rubuce-rubucensu suka tafi a ciki. Tsallaken kogin akwai dajin da ba mai shiga ko karya reshe.

Cikin waɗanda ba sa sayar da shinkafa kuwa akwai al'ummar Kasepuhan, irin na Ciptagelar a duwatsun Halimun da ke Sukabumi. Su suna da lantarki, da ƙananan injina masu juyawa da ruwan rafi suke samar da shi, har tashar talabijin ta gari suna da ita. Amma sau ɗaya suke shuka a shekara, da irin kakanni mai wata biyar zuwa shida, kuma taurari suke dubawa, ciki har da wanda muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Ba sa girbi da lauje. Wata 'yar wuƙa ce da ke ɓuya a tafin hannu, a yanke zangarniya ɗaya-ɗaya, a ɗaure dami-dami, a shanya, a zuba a rumbun katako mai suna leuit. Da yake ba a sussuke ta ba, tana yin shekaru ba ta lalace ba. Kowane gida yana zuba wani kaso a rumbun gari, wanda abinci ya yanke wa ya ranta ya mayar da kaka. Kuɗin kashewa daga sukarin kawung da sauran amfanin lambu yake fitowa. A wurinsu shinkafa rai ce, wanda ya sayar da ita ya sayar da ransa.

Asalin wannan girmamawa tsohon imani ne da wata uwar shinkafa, Nyi Pohaci. Kusan duk Sundawa Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'i, ƙauye ba ya rasa masallaci da ganga ta kiran lokaci da karatun mata na mako-mako, amma muhawara kan irin waɗannan al'adun ta daɗe. Ƙungiyar Persatuan Islam da aka kafa a Bandung a 1923 tun farko take sukar su. A ƙauyen gama-gari abin da ya rage bai wuce addu'a da walima kafin girbi ba. Ina kyautata zaton dattijon naka daga irin wannan ƙauyen yake, wanda ke sayar wa dillali shinkafarsa tun tana tsaye a gona in kuɗi ya matse shi.

Da za ka tambaye ni abin da ya cancanci gwaji a Kura, zan ce kiwon kifi a cikin gonar shinkafa, wanda manoman Tasikmalaya da Cianjur suka daɗe suna yi. Ana haƙa rami mai ɗan zurfi a gefen fangali ko a tsakiyarsa, inda kifi zai fake in ruwa ya ja, a ɗaga kunya, a sa raga a mashiga da mafita. Bayan dashe da kamar mako guda a saki 'ya'yan kifi, a kwashe su kafin a tsane gona don girbi. Karfasa za ta yi. Sharaɗi biyu ne: ruwanka kada ya yanke ko na kwana biyu, kuma ka san irin maganin da na sama da kai yake fesawa, domin ta gonarka zai bi. Fara da fangali ɗaya wanda yake kusa da idonka, saboda tsuntsaye da yaran unguwa.