Injin Ƙaramin Jirgina Ya Ƙi Juyawa

Tambaya: Malam, yayana ya bar mini injin O.S. .46 na ƙaramin jirgin sama mai rimot. Ya daɗe a ajiye, yanzu ko motsi ba ya yi. In yar ne?

Amsa: Haba ɗan'uwa, kada ka yar! Galibi man zurmar da ke cikin mansa ne ya daskare kamar ƙaro. Cire fulogi, ka jiƙa injin a metanol, sinadarin da ake haɗa man irin wannan injin da shi, ya kwana. Idan ya bushe, ka ɗumama shi da na'urar busar da gashi, sannan ka juya farfela sannu a hankali. In ka matsa da ƙarfi, sandar fistan za ta iya lanƙwashewa. In ka ji yana gurza, boris ya yi tsatsa, canza shi. Ni dai sabon fulogi nake sawa kafin in tayar.