Sai da Access Virus ake haɗa psytrance?

Ka tambaya ko dole sai ka mallaki Access Virus, na'urar ƙirƙirar sautin kiɗa, kafin ka fara haɗa psytrance, wato wani nau'in kiɗan rawa na lantarki mai sauri. A'a ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Na'urar, wadda ta fito daga Jamus a 1997, ta yi tashe ita da takwararta Nord Lead, amma yau manhajar Vital, mai yin irin aikinsu a kwamfuta, kyauta ce, kuma ta ishe ka.

Inda ake zuba gumi shi ne ganga da bes, wato sautin ƙasa mai kauri. Sa gudun a bugu 145 a minti: a kowane bugu ganga ɗaya, gajerun bes uku su biyo ta. Datse wutsiyar gangar kada ta hau bes na farko, in ba haka ba kiɗan ya caɓe. Ni na yi watanni ina zargin manhaja, ashe lasifikata ce ba ta fitar da sautin ƙasa. Lasifika za ka fara canzawa.