Shin fita daga zauren dangi na WhatsApp yanke zumunci ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Maigidana yana ci-rani a Libiya, ta WhatsApp muke gaisawa, ta nan kuma nake tallar turaren wuta da atamfofi. Amma wayar ta zame mini damuwa. In yara sun kwanta sai in shiga TikTok da Facebook, kafin in farga ƙarfe biyu ta yi, wani lokaci har asuba ta wuce ni. Ina ganin ƙawayena suna saka hotunan gidajensu da bukukuwa, sai zuciyata ta yi ƙunci, har kuka nake yi ba dalili. A zauren danginmu kuma kullum habaici ne da hotunan gawarwaki. Na so in fita, yayata ta ce yanke zumunci ne. Wata kuma ta ce ƙuncin nan raunin imani ne, in yar da wayar don haramun ce. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ƴata, wadda ta ce miki waya haramun ce ta yi gaggawa. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. Wayar da kike jin muryar mijinki da ita yana bayan hamada, wadda kike sayar da hajarki da ita kina rufa wa kanki asiri, alheri ce, kuma in kin kyautata niyya lada kike samu. Ba zan ce ki yar da ita ba. Amma abin da kika ba da labarinsa na dare yana da nasa hukuncin dabam.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barzata cewa Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Malamai sun bayyana dalili: doguwar hirar dare ita ke cinye sallar asuba, ta bar mutum da kasala da rana. Sun ware hirar ilimi da ta baƙo da ta iyali, saboda haka zancenki da maigidanki bayan isha'i babu laifi a cikinsa. Zaman kallon bidiyo har ƙarfe biyu kuwa, ke da bakinki kin faɗi abin da yake haifar miki: asarar sallah a kan lokaci, da ƙunci, da kuka. Wanda barci ya rinjaye shi wata rana ba shi da zunubi, sai ya yi sallar idan ya farka. Wadda ta ga sakamakon sau da yawa kuma ta koma ta sake, wannan sakaci ne. Allah ya ce a Suratun Naba'i ya sanya barci hutu, ya sanya dare sutura. A Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya kawo hadisin "babu cuta, babu cutarwa". Don haka a haƙƙinki, bisa abin da kika siffanta, barin wannan kallon na tsakar dare wajibi ne, ko da a haƙƙin wata wadda bai cutar da ita ba bai wuce makaruhi ba.

Kada kuma ki ɗauka ke kaɗai ce abin ya fi ƙarfi. Da gangan aka gina waɗannan dandali ba su da ƙarshe. Manhajar tana lura da bidiyon da kika daɗe a kansa, sai ta ƙaro miki irinsa, domin kuɗin kamfanin daga talla suke fitowa, talla kuwa sai da idonki. A 2023 babban jami'in lafiya na gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a kan waɗannan dandali, haɗarin su kamu da alamun damuwa da baƙin ciki ya ninka na sauran. Abin da aka tsara don ya riƙe mutum, "in sha Allahu zan rage" kaɗai ba ya isarsa, sai an toshe ƙofa, kuma toshe ƙofar ɓarna asali ne babba a mazhabarmu ta Malikiyya. Ki sa wa wayar lokacin kwanciya. Da kun gama magana da maigida ki kashe intanet, ki ajiye ta inda hannunki ba zai kai ba daga shimfiɗa. In TikTok ba ya kawo miki ciniki, ki goge shi.

Batun hotunan ƙawaye shi ya fi taɓa ni, don nan ciwon yake. Allah ya ce wa Annabinsa a Suratu Ɗaha, aya ta 131, kada ya miƙa idanunsa ga abin da aka jiyar da wasu daɗi da shi na ƙawar rayuwar duniya. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira: "Ku dubi wanda yake ƙasa da ku, kada ku dubi wanda yake sama da ku, hakan ya fi dacewa da kada ku raina ni'imar Allah a kanku." A da mace takan ga kayan ƙawarta ne ranar biki ko suna, ta dawo gida ta manta. Yau bikin yana biyo ta har kan gadonta, kowane dare, na mutum ɗari a jere. Kuma abin da ake nunawa kamar ɗakin amarya ne ranar jere: an goge, an shirya, wani abin ma na aro ne. Babu mai saka hoton bashin da ta ci, ko daren da ta kwana tana kuka kamar ke. Jin ƙuncin da ya faɗo miki ba da zaɓinki ba, ba a rubuta miki shi zunubi, matuƙar ba ki yi fatan ni'imar ta gushe daga gare su ba. Abin da ke hannunki shi ne ido. Ki rufe sitatus ɗin duk wadda ganinsa ke dagula miki zuciya, ki daina bin shafinta. Ba gaba ba ce, kuna iya gaisawa kamar kullum. Ke ma da kike talla, ki tsaya a kan hajarki, kada ki zame wa wata abin da suka zame miki.

Amma zauren dangi, zumunci wajibi ne, zaure kuwa ba wajibi ba ne. Kakanninmu sun sada zumunta da ƙafa daga Damagaram zuwa Mirya da Magarya, babu waya. Abin da Shari'a ta hana shi ne ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, kuma Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa. Ibnu Abdil Barr ya ƙara da cewa wanda ke tsoron cuɗanya da wani za ta cutar da shi a addininsa ko duniyarsa, an yi masa rangwamen nisanta. Wurin da ake habaici da cin naman mutane, tashi daga gare shi ma shi ake nema. Hotunan gawarwaki kuwa keta alfarmar mamaci ne, da tayar da hankalin masu rai, kuma galibi babu wanda ya bincika ina abin ya faru ko yaushe. Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, kamar yadda ya zo a hadisi.

Don haka fitarki halal ce. Sai dai ni na fi son ki bi a hankali, don na san yadda dangi ke ɗaukar irin wannan. Ki fara da kashe ƙarar zauren, ki hana hotuna sauka da kansu, ki leƙa sau ɗaya a rana don labarin haihuwa ko rasuwa. Ki yi wa babba a cikinsu magana a keɓe, cikin ladabi. In bai gyaru ba ki fita, ki gaya musu dalili ba tare da zargi ba, sannan ki ƙara yawan kiran iyaye da zuwa gaisuwa, don kowa ya ga ba su kika bari ba.

Maganar raunin imani ban yarda da ita ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma shi Annabi ne. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Nana A'isha takan sa a dafa talbina, wani kunu na sha'ir, ga waɗanda aka yi wa rasuwa, tana cewa ta ji Annabi ya ce tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Kin ga Shari'a ta haɗa addu'a da magani. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki koma Islamiyya ki zauna cikin mata ƴan'uwanki, domin kaɗaicin matar da mijinta ke nesa ba ƙaramin abu ba ne. In kuma kin gyara barcinki amma kukan da rashin jin daɗin komai suka wuce mako biyu, ki je asibiti ki gaya wa likita kamar yadda kika gaya mini. In tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi, ranar nan ki sanar da wani na kusa, ku tafi tare. Ki kuma gaya wa maigidanki halin da kike ciki, haƙƙinki ne a kansa ya sani.

Allah ya yaye miki, ya dawo da shi lafiya. Wallahu a'alam.