Amsa ga mai tambaya a kan Eddie Robinson na Grambling

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce ƙaninki ya samu gurbin karatu a Jami'ar Grambling da ke jihar Luwisiyana a Amurka, ya turo miki hoton filin wasa da na wani gidan tarihi, duk da sunan Eddie Robinson a jiki, kina son sanin ko wane ne, kuma yaya aka yi mai koyar da ƙwallo a makaranta ya samu irin wannan girma. Allah Ya ba yaron sa'a. Na zauna a wannan yanki shekara huɗu ina karatu, a garin Ruston, wanda ke maƙwabtaka da Grambling, kuma ina can mutumin ya rasu a watan Afrilun 2007.

Ƙwallon da ake magana ba irin tamu ba ce. Ƙwallon Amurka ce, mai kama da ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita ana ture juna, kowa da hular kwano. A kudancin ƙasar, wasan jami'o'i ya fi na ƙwararru shiga ran mutane, ranar Asabar gari kan tashi kacokan ya nufi fili. To, shi Robinson shi ne kocin Grambling daga 1941 har 1997. Ya ci wasa 408, kuma a 1985 ya wuce Bear Bryant, kocin Jami'ar Alabama, wanda ke riƙe da tarihi da 323. Wannan shi ne abin da kowa zai fara gaya wa ƙaninki. Ni kuwa a ganina, lissafin wasannin shi ne ƙaramin abu a labarinsa.

An haife shi a 1919 a garin Jackson na Luwisiyana. Mahaifinsa noman kashi-mu-raba yake yi a gonar wani, mahaifiyarsa kuma aikatau. Bayan ya gama kwalejin Leland, a wani injin niƙan abincin dabbobi a Baton Rouge yake aiki lokacin da shugaban makarantar, Ralph Waldo Emerson Jones, ya ɗauke shi yana ɗan shekara 22. Makarantar baƙar fata ce zalla, domin a zamanin doka ta hana su shiga manyan jami'o'in jihar. Ba shi da mataimaki ko ɗaya. Shi ke zana layin fili, shi ke ɗaure wa yara ƙafa kafin wasa, shi ke koyar da ƙwallon kwando, in an tashi wasa kuma ya zauna ya rubuta labarin ya aika wa jaridu. Idan za su yi tafiya sai an haɗa musu guzurin burodi tun daga gida, don gidajen abinci na hanya ba sa sayar wa baƙar fata. Shekararsa ta farko ba ta yi kyau ba. A ta biyu, 1942, suka yi wasa tara suka cinye duka, ba wanda ya ci su ko maki ɗaya.

Inda na fahimci mutumin da gaske a shagon aski ne. Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa, ya taɓa yin wasa a ƙarƙashinsa, bai kai ga zama ƙwararre ba, ya yi koyarwa a sakandare har ya yi ritaya. Makon rasuwar na je aski, na tarar da shagon cike, ba wanda ke maganar maki. Maganar ƙararrawa ake yi. Wai da sassafe Robinson kan bi ɗakunan kwanan 'yan wasa yana kaɗa ƙararrawa, irin wadda ake rataya wa shanu, sai kowa ya tashi ya karya kumallo ya tafi aji. Wanda ya yi fashin aji zai gamu da shi da yamma. In za a yi tafiya, sai an sa kwat da laktaya. Dattijon nan ya ce shi bai taɓa sanin yadda ake zama a teburin cin abinci ba sai da kocin ya koya masa, yana faɗa hawaye na zuba, almakashi a hannunsa. Ban manta da wannan ranar ba.

A nan ne kuma na ji labarin audugar. Wani manomi ya zo ya ce zai janye 'ya'yansa biyu daga makaranta su je tsinkar auduga, don ba shi da masu taya shi. Robinson bai yi gardama da shi ba, sai ya kwashi 'yan wasan gaba ɗaya suka shiga gonar, suka gama aikin, yaran suka dawo karatu. Da na ji sai na ce ai wannan gayya ce, irin wadda muka taso muna gani a ƙauye. Mutumin da ya tashi a gonar wani ya san abin da ke cin ran uban, shi ya sa bai raina shi ba.

Yaran da suka fito daga hannunsa suka shiga gasar ƙwararru ta NFL sun haura 200. Tank Younger, wanda ya tafi Los Angeles Rams a 1949, shi ne na farko daga makarantun baƙar fata. Akwai Willie Davis, Buck Buchanan, Willie Brown da Charlie Joiner, dukkansu an sa su cikin jerin gwarazan wasan. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne matsayin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma mai jan ragamar 'yan wasa. A lokacin ana cewa baƙar fata ba su da ƙwaƙwalwar wannan matsayi. Ya shirya James Harris musamman don karya wannan magana, Harris ya buɗe kakar 1969 a matsayin kwatabak na Buffalo Bills. Sai Doug Williams ya zo ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, da ƙungiyar Washington a Janairun 1988, baƙi na farko da ya yi haka a wannan matsayi.

Gaskiya ƙarshen aikinsa da zafi. Da aka buɗe wa baƙar fata ƙofofin manyan jami'o'i, zaratan yaran da a da sai Grambling suka koma wurin masu kuɗi da talabijin. Shekarunsa uku na ƙarshe an fi cin su, har wasu suka fara cewa tsoho ya sauka. Wannan ya ɓata mini rai da na ji, mutum ya ba wuri shekara hamsin da shida. Doug Williams ne ya gaje shi a 1998. Daga baya cutar mantuwa ta kama shi, matarsa Doris, wadda suka yi aure tun 1941, ita ta yi jinyarsa. Da ya rasu, a majalisar jiha a Baton Rouge aka ajiye gawarsa jama'a suka yi bankwana.

Ki ce wa ƙaninki ya shiga gidan tarihin nan, a cikin makarantar yake. In ƙarshen Nuwamba ya zo kuma, ya nemi abokan tafiya zuwa New Orleans kallon Bayou Classic, karawar Grambling da Jami'ar Southern, ko don 'yan badujala. Ya zauna kusa da tsofaffi, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su labarin ƙararrawar.